Ranar da Hasken Taga Ya Ragu

Tun bara idanun Umma suka fara yi mata gardama, amma ba ta gaya wa kowa ba. Tela ce, kuma ta san halin mutane: da zarar an ji idon tela ya fara hazo, sai a riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa ana wucewa da yadi. Shi ya sa ta ja kekenta jikin taga, wai zafi ne ya ishe ta. Ko Auta, 'yarta da ke mata guga da sa maɓalli, ba ta sani ba.

Ran nan rana ta take, ta aiki Auta sayo zif, ita kuma tana kan kalmasa wata farar riga. Sai ta ga farin yana komawa ruwan toka. Ta leƙa taga, babu hadari, ko gajimare ɗaya babu. Ga rana a jikin bango, amma kamar an sirka ta da ruwa. Ta goge ido da gefen mayafi, abin ya ƙaru. Zare ya tsinke. Ta lashi bakinsa, ta nemi kafar allura, ta neme ta ta rasa.

A waje ana ta hayaniya, amma layin nan dama ba ya rabo da hayaniya. Ta sauke ƙafa daga keke, ta ɗora hannuwa a cinya. Ashe haka abin yake zuwa, babu ko ciwo.

Auta ta faɗo shagon da gudu. "Umma, fito ki ga..."

"Rufe ƙofar nan." Ta lalubo hannun yarinyar ta riƙe gam. "Auta, idona ya tafi. Tun bara yake mini hazo ina ɓoyewa, yau ga shi ya ƙarasa. Kada ki gaya wa kowa tukuna, ki bari a zo a karɓi kayan mutane."

Auta ta durƙusa a gabanta.

"Umma, ni ma duhun nake gani. Kowa ma. Husufin rana ake yi. Tun jiya rediyo yake faɗa."

"Husufi?"

"Wallahi. Ƙarar keke ce ta hana ki ji."

Auta ta ja ta waje. Iska ta yi sanyi, tsuntsaye na ta rububin komawa bishiya. Maƙwabcinsu mai walda ya ciro baƙin gilashin aikinsa, mutane sun yi masa cincirindo.

"Ku matsa, ku matsa, tsofaffi ne gaba!" in ji mai waldar da ya hango Umma.

"Tsohuwa tana gidanku," in ji Umma.

Ta kara gilashin a ido. Ga rana can ta koma siririya, lanƙwasasshiya, kamar ƙyallen da ke faɗuwa idan an yanka wuyan riga. Gefenta ya ɗan dusashe, amma ta gan ta. Ta daɗe tana kallo har na bayanta suka fara tsaki.

Da haske ya fara dawowa suka koma ciki. Auta ta tsaya wajen teburin guga, ba ta ɗauki komai ba.

"Tun bara, Umma?"

"A firgice na faɗa."

"Na dai ji. Gobe da safe za mu asibitin ido."

"A gan ni a can, a ce me? Kafin azahar labari ya zaga layin nan."

"A ce kin kalli rana. Ba ki ga masu kallo da ido tsirara ba? Rabin layin nan a can za mu tarar da su gobe, kowa na murza ido. Wa zai tambaye ki?"

Umma ta dube ta, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

"Ja'ira. To wane mayafi zan sa?"