Jif a Tsakiyar Rafi

Mudi bakanike ne a Kwanar Ɗangora. A duk yankin Kiru da Bebeji, in aka yi zancen injin gas sunansa ake fara kira. Direbobin tifa da masu tarakta da masu injin niƙa duk garejinsa suke zuwa. Yakan tsaya a gefen mota ya saurari kukan injinta ya ce nozul ce ta toshe, a kwance kuma a tarar haka ne. Abin da kawai ake faɗa a kansa shi ne yana son a san ya iya.

A farkon damina wani injiniya mai suna Abdulmalik ya kawo masa tsohuwar jif daga Kano. Shi da abokansa masu son yawon daji ne, sun shirya hawa tsaunin Mambila bayan ruwa ya ɗauke, yana so a mayar masa da motar yadda za ta shiga ko'ina. Mudi bai taɓa samun aikin da ya kwanta masa a rai kamar wannan ba. Ya sauke injin ya wanke shi, ya canza ringi, ya ɗora masa turbo. Ya ɗaga sifirin har sai da mutum ya taka ƙarfe kafin ya hau, ya sa mata manyan tayoyi masu ƙurji, ya ƙara tankin gas na biyu, ya yi mata kariya ta ɗora kaya a sama. A gaba kuma ya ɗaura bamba ta ƙarfe mai winci, wato na'urar da ke naɗe igiyar waya ta ja mota in ta kafe.

Abin da ya fi jan ido shi ne wani baƙin bututu da ya fito daga gefen inji ya miƙe har saman gilashi, don injin ya riƙa shaƙar iska daga sama in an shiga ruwa. A nan ne kaɗai aikin bai kammala ba. Robar da za ta haɗa gindin bututun da gidan matatar iska ba ta samu ba, Injiniya ya ce zai aiko da ita. Kafin nan sai Mudi ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe wurin.

Da sunan gwaji ya fara fita da motar. Ranar farko Tiga ya je ya dawo. Daga baya sai gwajin ya riƙa ƙarewa a Yako, ƙofar gidan surukinsa Malam Rufa'i, mahaifin matarsa Saude. Mutane suka fara cewa Mudi ya yi mota. In aka ce masa Allah ya sanya alheri, sai ya ce amin. Bai taɓa cewa tasa ce ba, bai kuma taɓa cewa ba tasa ba ce.

Wata rana Saude ta ce masa, “Baban Husna, ka gaya wa Baba gaskiyar motar nan. Jiya har gida aka biyo ni ana yi min murna, na rasa inda zan sa kaina.”

“Ai ta kusa tafiya,” in ji shi. “In ta tafi zancen ya mutu.”

Ana cikin haka, a tsakiyar watan Agusta, aka yi wa Malam Rufa'i waya cewa yayansa Baffa Ɗantani yana kwance rai a hannun Allah, yana ta kiran sunansa. Baffa yana zaune ne a wani ƙauye bayan Doguwa, cikin duwatsu, inda ƙananan motoci ba sa kaiwa da damina. Malam Rufa'i kuwa ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya a babur. Saude ta zo gareji da jajayen idanu ta gaya wa mijinta. Mudi ya ɗauki waya zai kira Injiniya, sai ya tuna cewa mutumin zai iya cewa a'a. Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki makulli.

Da hantsi suka bar Yako su biyu, Malam Rufa'i a gaba cikin farar babbar riga da hula zanna. Suka wuce Tudun Wada, suka ratsa dajin Falgore, ciyawa ta yi tsayi a gefen titi. Bayan Doguwa suka sauka daga kwalta. Hanyar duk taɓo ce da zaizaya, Mudi ya sa fowil, wato giyar da ke jan duk tayoyin huɗu, motar ta riƙa hawa tana sauka ba ta ko nishi. Sun wuce wata a-kori-kura da ta kafe da buhunan taki, ya tsaya ya jawo ta da winci. Malam Rufa'i, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya shafa gaban motar ya ce, “Lallai Allah ya ba ka hannu, Mudi.” Tun da ya auri Saude bai taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba.

Bayan azahar suka iso wani rafi. An yi ruwa a kan duwatsu da safe, rafin ya ciko, ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. Mutane sun taru a bakin gaɓa, masu babura da mata da kayan kasuwa da wasu Fulani da shanunsu, kowa yana jira. Suka ce zuwa la'asar zai ja baya, kullum haka yake yi.

Malam Rufa'i ya ce, “Sai mu ma mu jira. Mu yi salla a nan.”

Mudi ya fito yana duba ruwan. Nan da nan samari suka kewaye motar, wani ya tambaye shi amfanin bututun. Ya tsaya ya yi musu bayani dalla-dalla, har ya nuna da hannu cewa ko ruwa ya kai ƙirjin mutum wannan injin ba ruwansa.

“Ashe kai ba ka da jira, Oga,” in ji wani mai babur. “Mu ne 'yan jira.”

A lokacin Mudi ya tuna da tub ɗin nan da ya naɗa. Ya tuna sarai. Amma ya riga ya yi magana, ga wayoyi an fara ɗagawa, ga surukinsa yana kallonsa ta gilashi.

Ya shiga ya ce, “Baba, kowace sa'a tana da muhimmanci ga Baffa. Za mu wuce lafiya.”

“Ka tabbata?”

“Na tabbata, Baba.”

Dattijon ya yi bisimilla ya riƙe ƙarfen ƙofa.

Da farko motar ta shiga yadda ake so, tana tura ruwa a gabanta, mutanen gaɓa suna ihu. Da suka kai tsakiya sai gabanta ya faɗa wani rami, ruwa ya haye kan bonet. Injin ya yi tari sau ɗaya, aka ji ƙas kamar an buga guduma a kan ƙarfe, sai shiru. Mudi bai ko taɓa makulli ba. Ya san injin gas ya sha ruwa, kuma ya san abin da wannan ƙarar take nufi a cikinsa.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofofi, mai sanyi, ya rufe takalmansu, ya hau kujeru. Bayan motar ya ɗan goce. Ihun mutane ya koma salati.

“Baba, sai mun fita.”

“Da wace gwiwar?” in ji Malam Rufa'i, ba tare da ɗaga murya ba.

Mudi ya fita ta taga, ruwa ya kama shi a ƙirji. Ya zagayo yana riƙe da bamba, ya buɗe ɗaya ƙofar da ƙyar, ya juya baya ya duƙa. Mutumin da ko abinci bai taɓa ci a gabansa ba, shi ne yau ya goya. Babbar rigar ta jiƙe ta yi nauyi, tana naɗe masa ƙafafu. Suna cikin tafiya ya yi tuntuɓe, suka nutse tare suka taso, ruwa ya tafi da hular. Wasu samari biyu suka shigo suka tare su har ɗaya gaɓar.

Malam Rufa'i ya zauna a kan dutse yana tari, kansa a buɗe, furfura ta manne da taɓo. Mudi bai taɓa ganin kan surukinsa ba hula ba. Ya kawar da ido, sai ya ga wayoyi har yanzu suna sama.

Da la'asar ruwan ya ja baya kamar yadda aka ce, har mata suna tsallakawa da kaya a ka suna kallon motar. Wincin ya ƙi motsi, ruwa ya shiga wayoyinsa. Sai da aka warware igiyarsa da hannu aka ɗaura a karkiyar shanun huɗa da wani manomi ya kawo, mutane suka tura ta baya, sannan jif ɗin ta fito tana zubar da jan ruwa ta ko'ina.

Wani mutumin ƙauyen ya ara wa Malam Rufa'i riga da hula, aka samo mai babur da zai lallaɓa da shi sauran tafiyar. Kafin ya hau ya yafito Mudi. Mudi ya zo ya tsuguna.

“Ka yi haƙuri,” in ji dattijon. “Saboda ni ka yi asarar motarka. In na dawo akwai ɗan bijimina, za a kai shi kasuwa a taimaka da gyara.”

Mudi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi taɓon da ke tsakanin yatsun ƙafarsa.

“Baba, ba tawa ba ce. Ta wani ce, aiki ya kawo min.”

Malam Rufa'i ya dube shi. Mai babur ya juya kai gefe kamar bai ji ba.

“Mai ita ya san ka ɗauko?”

“A'a, Baba.”

“To ka kira shi kafin ka canza rigar nan.” Ya hau babur, aka tafi da shi.

Sai da Mudi ya hau wani tudu sannan ya samu sabis a wayar aro, tasa ta sha ruwa. Injiniya Abdulmalik ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya ji rauni. Da aka ce masa babu, ya yi ajiyar zuciya.

“Mudi, da ka tambaye ni, wallahi da na ce ka kai shi. Sai dai da na ce kada ka shiga ruwa.”

“Yallaɓai, ka bar ni in gyara. Ni zan sauke injin, ba sai ka ƙara komai ba.”

“A'a. Zan turo janwe ta kawo min ita Kano.”

Haka kuwa aka yi. Mudi ya kwana a ƙauyen yana gadin motar, washegari ya bi janwe har Kwanar Ɗangora, ya sauka a bakin garejinsa aka wuce da ita. Kafin ya iso hoton bidiyon ya riga shi. Direbobin tifa suka sa masa suna Kyaftin, wai matuƙin jirgin ruwa. Wasu kwanaki ko shayi ba ya fita sha, yana ƙarƙashin mota ko da babu abin gyara. Saude ba ta ce masa ai ta gaya masa ba, abinci kawai take ajiye masa ta koma ɗaki.

Baffa Ɗantani ya rasu cikin makon. Malam Rufa'i ya same shi da sauran magana, har sun yi sallama. Da ya dawo Yako aka yi zaman makoki a ƙofar gidansa, kuma babu yadda Mudi zai yi ya ƙi zuwa. Ya hau acaɓa ya je, ya cire takalmi tun daga nesa, ya raɓe a ƙarshen tabarma inda yake fatan ba za a lura da shi ba. Ya ji wasu suna gyaran murya.

Bayan an shafa addu'a Malam Rufa'i ya ɗago ya ce, “Mudi, matso nan.”

Ya taso a sunkuye ya tsuguna a gabansa.

Dattijon ya dubi mutanen da ke zaune ya ce, “Wannan shi ya kai ni na gana da Yaya.” Bai ƙara komai a kai ba, ya juya ga wasu baƙi da suka iso daga Bebeji.

Aka yi ta sa wa Mudi albarka. Shi kuwa ya kasa cewa amin. Ya zauna a wurin har aka kira sallar azahar, kansa a ƙasa, sannan ya tashi ya shiga layin masu alwala.