Hannun da Ya Saki Adnan

Damina ta sake kamawa a garinmu Pasir Mas, ƙanwata Salmiah ta sake daina cin abinci. Haka take tun shekarar da ambaliya ta tafi da autanmu Adnan. Da kogi ya fara cika sai ta shige ɗaki ta kwanta fuskarta a bango, ko kallon mutum ba ta yi. Yanzu ta haura talatin, tana koyarwa a firamare, kuma bana hedimasta ya ce in ta sake ɓacewa, to ta nemi wani aikin.

A gidanmu sunan wannan ciwo shafar aljanu. Mek, mahaifiyarmu, ta zaga malamai har sun gane ƙarar takalminta, ruwan tofi kuwa Salmiah ta sha wanda zai ishi gonar shinkafa. Ni dai na gaji, kuma haushi nake ji. Na karɓo mata ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Kota Bharu, na zo da mota da safe.

Na tarar da Mek tana shafa kan Salmiah tana cewa, "Kur semangat, kur semangat," yadda ake kiran kurwar yaron da ya firgita, da muryar kiran kaji.

"Mek, ɗauko mayafinki, tare za mu."

"Asibitin mahaukata, Zaharah? So kike a ji a masallaci? Wa zai aure ta?"

"Yanzu ɗin layi ake yi a ƙofa, ko?"

"Bakin nan naki dai."

"Kurwa ba kaza ba ce, Mek. Tun tana yarinya kike kira, ta zo?"

Na jawo Mek kicin. A makon jiya Mok Teh, ƙanwar Mek, ta yi suɓutar baki muna yanka ganyen da ake ci da shinkafar nasi kerabu: wai ranar ambaliyar Salmiah tana cikin kwale-kwale tuni lokacin da ruwa ya ja Adnan. Ni ina makarantar kwana a lokacin. Abin da na dawo na tarar shi ne Ayah, mahaifinmu, ya ce yarinya ta saki hannun ɗan'uwanta, kuma kada wanda ya sake ta da maganar. Ayah, Allah ya ji ƙansa, ba a yi masa musu. Sai na ɗauka shi ya saki yaron, ya jingina wa 'yar shekara shida.

"Mek, Ayah ya riga mu gidan gaskiya. Wannan kuwa da ranta take narkewa. Ki faɗa mata shi ne, ko ni in faɗa a gaban likita."

"Kada ki ɗora wa mamaci."

"Amma yarinya an ɗora mata."

Ta daɗe tana kallon tukunya. Sannan ta wuce ni ta koma ɗakin, ta zauna a gefen tabarma, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa.

"Miah, juyo. Ba ke ba ce. Ba Ayah ba ne kuma. Ni ce. Ruwa ya fizge min zani, ga maza cike da kwale-kwale. Na sake shi in kama zanin. Ƙiftawar ido ce, wallahi. Ayah ya ce ni ba za a taɓa yafe min a ƙauye ba, ke kuwa yarinya ce, za ki manta."

Salmiah ta juyo a hankali.

"Amma ina tuna hannunsa a cikin nawa, Mek."

"Mu muka sa miki shi."

Na zo da faɗa cike da bakina, sai ga shi ban san wanda zan yi wa ba.

Mek ta miƙe ta share fuska, ta ɗago Salmiah ta kafaɗa.

"Zaharah, je ki tada motar. Ni zan yi wa likitan bayani, ke surutu ya yi miki yawa."