Ranar da Yusrah Ta Kira Ɗan Fari

A Wuro Hausa kowa ya san Yusrah ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Haka ta taso ta ga iyayenta Fulani na yi, ga kuma surukarta Gogo kullum a tsakar gida, kunne a buɗe. Shekara shida ke nan, Usaid bai wuce "kai wannan" a bakin uwarsa ba.

Shi kuwa ja'irin ya gano inda wannan kunya za ta yi masa rana. Da safe in ta ce, "Ikram, tashi," ƙanwar sai ta miƙe tana murza ido. In ta ce, "Kai wannan, tashi," sai ya ƙara dunƙulewa cikin zane. In an matsa masa ya ce, "Ni ba a kira ni ba."

Ta yayyafa masa ruwa, ya juya baya. Ta kawo ƙosai mai zafi kusa da hancinsa, ya karɓa ya cinye a kwance.

Tun da aka hana babura a gari, sai an yi da gaske ake samun keke mai ƙafa uku da zai kai yara makaranta a Jimeta. Ishmael mai keken ya yi haƙuri har tura ta kai bango, don minti goma na latti kan sa su shafe awa guda a layin shingen sojoji. Ranar Laraba ya ce, "Madam, gobe bakwai saura kwata in yaro bai fito ba, ni na tafi ke nan. Mutum uku yana jira wannan kujera."

Washegari Ikram ta shirya tsaf, ga ƙarar hon a ƙofar gida, gogan naka ko motsi. Gogo na zaune daf da ƙofar ɗakin tana jan carbi. Yusrah ta ji haushi, ta ji tsoron rasa keken, kunya kuma ta riƙe mata harshe. Da hon na biyu ya tashi, sai ta durƙusa, ta kai baki kunnen yaron.

"Usaid," ta ce a hankali.

Zumbur ya tashi zaune, ido waje. "Inna! Ashe kin san sunana?"

Ta toshe masa baki, ya zame. "Sake faɗa!"

"Wanke fuska tukuna, mara kunya."

Ai kuwa ba a taɓa ganin wanke fuska da sa riga mai sauri irin na ranar ba. Takalma ma a juye ya sa su. Yusrah ta fito da shi kanta a sunkuye, tana jiran abin da za ta ji.

Gogo ta yi gyaran murya, ba ta ɗago ba. "Yau kam kunnena ya toshe," ta ce. "Komai aka faɗa ban ji ba."

Keke ya ɗaga, muryar Usaid na tashi har kwanar layi. "Kawu Ishmael, Inna ta san sunana!"

Yusrah ta koma ɗaki tana dariya, ido ya ciko da ƙwalla. Ta ɗauki zanensa tana ninkewa, da ɗuminsa har lokacin. Ta leƙa ta ga ba kowa, sai ta sake faɗin sunan, a hankali.