Tsamiyar da Ta Fito a Talabijin

Duk ƙauyen Balan an san ba a kallon wasa da Maiwada cikin kwanciyar hankali, balle tsohon wasan barkwancin nan da aka riƙa nunawa a talabijin tun yana saurayi, wanda yanzu ake tura wa mutane a waya a kasuwar Gaya. Da an kunna a majalisa sai ya gyara zama.

"Ku tsaya! Da jar dara ya shiga zaure, ga shi ya fito da hular zanna. Kuma matar nan mai daka, ba ita aka yi wa zaman makoki a baya ba?"

A yi ta dariya, kansa na ƙara kumbura. Kullum karatunsa ɗaya: masu wasan nan ɗinki suke yi, a ɗauko gona a nan, rijiya a can, a haɗa a ce wuri ɗaya ne.

Ana haka Kamalu, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya tashi ya ce fadamar da ke gabas da tsamiya ta ubansa ce, bayan rasuwarsa Maiwada ya lallaɓo ya shiga. Fadamar nan kuwa ita ke ciyar da gidan Maiwada, sauran duk jigawa ce da ta gaji. Iyaye gamba suka dasa a iyaka, shanu sun cinye ta tuntuni, dattawan da suka ga rabon kuma duk sun kwanta dama.

Shaida ɗaya ta rage wa Maiwada. Masu wasan sun taɓa zuwa Balan, suka ɗauki inda bijimi ya koro wani, mutumin ya ɗare tsamiyar nan. Daga nan sai a nuno Malam Ɗantani, mahaifin Maiwada, a duƙe cikin fadamar da fartanya, ya ɗago yana kallon ikon Allah. A lokacin uban Kamalu yana raye, lafiyarsa ƙalau.

Ranar zama a ƙofar dagaci, Maiwada ya miƙa waya aka kunna wasan. Aka kalla tsit. Sai Kamalu ya nemi a mayar baya.

"Ranka ya daɗe, a duba. A gindin tsamiya gero bai kai gwiwa ba. Inda Baffa yake noma kuwa ya fid da kai. Wa ya san gonar da aka ɗauko? Ba ni na gano ba, Yaya Maiwada ne ya nuna mana, ba sau ɗaya ba."

"Sau biyu suka zo!" in ji Maiwada. "Na'urarsu ce ta lalace, suka dawo daga baya. Ina wurin, wallahi ina wurin!"

Gaskiya ya faɗa, amma wa zai kama masa? Mutanen da suka sha dariya a majalisarsa su ne zaune, kowa ya sunkuyar da kai. Baki shi ke yanka wuya. Dagaci ya tambayi Maiwada ko ya taɓa cewa wasan ɗinki ne, ya amsa cewa ya faɗa. Kamalu ya gabatar da mutum biyu da suka ce sun ji daga iyayensu, aka ba shi fadama.

Baƙin ciki ya hana Maiwada fita. Matarsa Larai ta yi ta cewa, "Malam, ka bar wa Allah."

Da ruwan shuka ya sauka, ƙafa ta ɗauke shi da sungumi a kafaɗa, bai farga ba sai da ya ga tsamiya a gabansa. 'Ya'yan Kamalu sun riga sun yi sahu, wasu na sara, wasu na binnewa. Ƙaramar cikinsu ta rugo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, taya mu ka zo yi?"