Kiɗan Yatsa Ɗaya

Babayo ya sayi fiyanon ranar Asabar a kasuwar baje kolin Bauchi, amma har aka ɗora kwalin a keke-napep bai faɗi wanda zai riƙa kaɗa shi ba.

Ashiru ne makaɗin sutudiyon Babayo da ke Yelwa, tun kafin a yi wa ɗakin silin. Da damina babur ya kayar da shi a Ƙofar Ran, jijiyar hannun hagu ta taɓu, yatsu uku suka daina lanƙwasuwa. Ya ce wa maigidan nasa ya warke. Daga nan, da zarar mawaƙi ya gama rerawa sai Ashiru ya fitar da kowa, wai surutu na ɓata masa kunne. Ya kulle ƙofa, ya ɗauki kiɗan ƙasa, wanda aikin hagu ne, da hannun dama, ya dawo ya ɗora na sama da hannun daman dai. Matarsa kaɗai ta sani, ita da ke saka masa maɓallin riga kullum da safe.

Sai dai Babayo ba ya sayen kayan kiɗa a rufe. Dole makaɗinsa ya zauna gaban mai kaya ya gwada, jama'a na kallo.

Rumfar na kusa da ta masu injin ban ruwa. An jera sababbin fiyano a kan tebur, kowanne da gilashi irin na waya. Mai tallar, wani Godfrey daga Jos, ya bubbuga mafi girma.

"Oga, wannan shi ne babansu. Akwai kalangu a ciki, akwai sarewa. Ina makaɗi?"

"Ga shi nan yana ɓoye hannu a aljihu kamar sabon ango," in ji Babayo. "Ashiru, zauna ka ba su kunya."

"Oga, ƙarar injinan nan ba za ta bari mu ji komai ba. Mu dawo gobe."

"Gobe za su tashi. Zauna."

Ya zauna. Ɗaliban jami'a suka matso, wasu sun riga sun ɗaga waya. Ya fito da hannun hagu ya ajiye a cinya. Ya fara da dama, a hankali, yana jan lokaci. Kiɗan ya fito siriri, ba gindi.

"Ina ƙasan?" in ji Babayo.

Godfrey ya sunkuyo ya taɓa gilashin. "Maigida, kar ka wahala. Sa yatsa ɗaya a nan, shi zai cika sauran."

Ashiru ya sa manuniya, wadda har yanzu take jin magana. Ganga ta shigo, jita ta biyo, kalangu ya ɗauka. Ya matsar da yatsar, duk suka juya tare da shi. Rabon da ya ji kiɗansa ya cika a zama ɗaya tun kafin haɗarin. Ya saki hannun dama yana yawo a kan fiyanon. Wata mai sayar da zoɓo ta ajiye bokiti tana taka rawa. Da ya tsaya, ya ga Babayo ba jama'a yake kallo ba. Yatsun nan uku da ke miƙe yake kallo.

"Tun damina?"

"Ba waƙar da ta lalace a hannuna, Oga. Ko ɗaya."

Babayo ya matso kusa da fiyanon. Bai taɓa kaɗa ko gwangwani ba a rayuwarsa, amma ya miƙa yatsa ta kan kafaɗar Ashiru ya danna inda ya ga ana dannawa. Ganga ta shigo, jita ta biyo, kalangu ya ɗauka.

"Ashe ni ma makaɗi ne," ya ce, ba dariya.

"Ko mama a gida zai iya," in ji Godfrey.

Ashiru ya ce, "Oga, na'ura ba ta san inda mawaƙi ke jan numfashi ba. Ni na sani. Ka tambayi mawaƙiyarmu Khairat, duk waƙoƙin bikinta ni na yi."

"Haka ne," in ji Babayo, ya juya wajen Godfrey suka shiga ciniki.

Kwalin ya cinye kujerar baya. Babayo ya zauna kusa da mai keke, ya miƙo hannu. "Kawo makullin sutudiyo, in sauke kaya."

Ashiru ya lalubo da dama ya ba shi. "Ƙarfe nawa zan zo?"

"Zan kira ka."

Ranar Litinin da safe Khairat za ta ɗauki sabuwar waƙa. Har la'asar ɗin Lahadi makullin na wajen Babayo, kuma bai kira ba.