Ina Gadajen Suka Tafi?

Mai Motoci yana da ɗan aibu guda, irin wanda mu da tumbi ya fara riga mu shiga ɗaki ba mu da bakin yi masa dariya: da ya samu kujera mai laushi da sanyin na'ura, sai barci. Tun da mutanen mazaɓarsa suka tura shi majalisa bai taɓa yin tambaya ba. In an ce masu goyon baya su ɗaga hannu, maƙwabcin kujerarsa ya zungure shi, ya ɗaga, ya koma inda ya tsaya. Harkar manyan motocin dakon kayan da ta ba shi suna ma ya sakar wa manaja. Shi dai ya san koraye ne, kuma a bayan kowacce an rubuta karin maganar da ya zaɓa da kansa: Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Yayarsa ce ta raba shi da barci. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ce kuma har gobe take kiransa Auta a gaban 'yan rakiya. Ciwon ƙirji ya kama ta, aka garzaya da ita sabon asibitin da shi da hannunsa ya yanke ƙyallen buɗewa bara. Da ya je dubiya sai ya tarar da ita kwance kan tabarma a tsurar siminti, an rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar taga. Ɗakin fayau, sai tabon ƙafafun gadaje a ƙasa, layi-layi.

"Yaya, ina gadajen?"

"Ni kake tambaya, Auta? Ai kai ne ɗan majalisa. Ranar buki ina kallonka kana danna katifa kana yi wa mai hoto murmushi."

Ya ce bari a ɗauke ta a kai ta asibitin kuɗi a birni. Ta ce ko da ƙugiya ba mai ɗaga ta daga nan.

"Je ka tambayo mini inda suka tafi. In ba ka tambayo ba, kada ka sake tako mini ƙofa, ko gawata ce a ciki."

Ranar da kwamiti ya gayyaci ministoci, Mai Motoci ya sha shayi mai kauri, ya zauna a bakin kujera don kada bayansa ya taɓa laushi. Ministar Lafiya da Ministan Tattalin Arziki suna can ƙarshen dogon tebur, gabansu robobin ruwa, bayansu mataimaka rungume da jakunkuna. Gidan rediyo yana watsa zaman kai tsaye.

Ya ɗaga hannu. Maƙwabcinsa ya ja masa hannun riga.

"Sauke, ba a zo ƙuri'a ba tukuna."

Shugaban kwamiti ya leƙo ta saman tabarau. "Honorabul, sanyin ne ya yi yawa?"

"Tambaya gare ni."

Ya zuba rabin jawabinsa kafin wani ya miƙo hannu ya kunna masa makirufo, dole ya sake daga farko: asibiti sabo fil, shi ya buɗe, da idonsa ya ga gadaje, yau marasa lafiya a ƙasa suke. Ina gadajen?

Ya ɗauka Minista za ta daburce, ko ta ce za a kafa kwamitin bincike. Sai ta gyara mayafi, ta yi murmushin malamar da aka yi wa tambaya mai sauƙi.

"Gadaje suna nan lafiya lau, Honorabul. Da safen nan ma suna wani asibitin da muka buɗe."

"Wani asibitin?"

"Ai saiti ɗaya ne. Gadaje, katifu, labule, na'urar awon jini, har tukwanen furanni. Ba a buɗe asibiti fanko, hoto ba zai yi kyau ba. In taro ya watse sai a kwashe a kai na gaba. Na dindindin suna cikin kasafin baɗi. Haka muka tarar ana yi."

Mai Motoci ya ƙara matsowa kusa da makirufo.

"To, ranki ya daɗe, marasa lafiyar da na gani kwance a kai fa?"

"Ma'aikatanmu ne. Tare da kayan suke tafiya."

"Har mai bandeji a ƙafa? Wanda na dafa wa kai na yi wa addu'a?"

Ta waiwaya, wani mataimaki ya raɗa mata. "Akawu ne a sashen sufuri. Ya ce a gaishe ka, addu'ar ta karɓu, an ƙara masa girma."

"Innalillahi," in ji Mai Motoci, cikin makirufo.

Ya dubi abokan aikinsa yana neman wanda ya girgiza kamarsa. Wani yana ɓare alewa, wani yana latsa waya. Maƙwabcinsa ya matso ya ce a hankali, "Katifu masu shuɗin zane ko? A asibitin mazaɓata ma su ne. Laushi gare su kuwa."

Ministan Tattalin Arziki ya yi gyaran murya. Ya ce kada a manta da alherin tsarin ga bunƙasar ƙasa. Kowane buki masu lodi suna samun na cefane, direbobi suna samu, masu facin taya suna samu. Kuma ba baƙo ake ba dakon ba, kamfani ne na cikin gida, wanda bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Yana faɗin haka ya ɗan rusuna wajen Mai Motoci, yana murmushi.

Wannan murmushin shi ya ƙarasa tunzura shi. Wato har ba'a za a yi masa? Ya miƙe ya daki tebur, robar ruwa ta gangara ƙasa.

"Duk wanda ya ɗora gadon mara lafiya a mota ya gudu da shi, ba shi da bambanci da ɓarawon likkafani! A kawo mai kamfanin nan gaban kwamiti. A soke lasisinsa, a miƙa shi ga hukuma!"

Shugaba ya cire tabarau. "Honorabul, ka tabbata kana so a rubuta wannan?"

"A rubuta!"

Aka rubuta.

Washegari da hantsi ya isa asibiti. A ƙofa mutane suna ta yi masa jinjina, wani tsoho har ya ce ashe zaki ne yake lamfo. Ya cire takalmi ya durƙusa a gefen tabarmar Yaya.

"Na tambayo, Yaya. Wallahi abin da na ji ko a mafarki ban taɓa jin irinsa ba, ni da na fi kowa mafarki a majalisar nan."

"Na ji ka a rediyo. Ashe kana da murya."

"Ƙofar fa?"

"Ka tambayo, ƙofa a buɗe take."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Saura mai motar. Ko ɗan gidan uban waye, sai na ga bayansa."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Yaya, tana gyara hannun da ke da allura. "Ni dai ranar bukin ina gindin bishiya ina jiran abin hawa, ko kujerun taro ba a gama naɗewa ba motar ta iso ta kwashe gadajen. Koriya ce, da rubutu a bayanta."