Masin Kabarin Inna

Inna da hannunta ta yi masin kabarinta, wato zanen ɓawon itace da muke lulluɓe kabari da shi, tun tana da sauran ƙarfi. Ita ta sare itatuwan a gonarta, ta saɓule ɓawon, ta jiƙa, ta kankare, ta zauna gaban gungumen bugu wata da watanni har ɓawon ya buɗe ya yi laushi kamar zanen goyo. Sannan ta shafe shi da man kwakwa, ta rataye a hayaƙi har ya yi ja. Da na ce ta bari in taya ta, sai ta harare ni.

"Ulamila, ke da za ki lulluɓe ni da aikin gaggawa irin na otal? Rufa min asiri."

Mu nan da tsohon faifan hoton asibiti muke yanka siffar adon da muke bugawa a kan masi, don ya fi ganyen ayaba ƙarko. Inna da hoton ƙirjinta ta yanka nata, wanda likita ya ɗaga sama ya girgiza kai. Tana cikin yanka adon mai siffar haƙoran mataji wuƙa ta zame, haƙori ɗaya ya tafi. Ta ƙi sake yanka wani. Ta ce ai mai masin ma giɓi gare ta. Haka giɓin ya bi masin daga wannan baki zuwa wancan, kuma da ta rasu na sa faifan a cikin akwatin gawarta.

Mun shimfiɗa masin a kan kabarin, muka danne shi da fararen duwatsun teku. Nan zai zauna har daren ɗari, ranar da dangi za su dawo daga sauran tsibirai a cire baƙaƙen kayan makoki, su ga cewa 'ya'yan Makelesi ba su bar uwarsu tsirara ba. Ranar Asabar za a yi. Ranar Laraba na je cire ciyawa, na tarar da yashi fayau, babu masi.

Na fara zargin iska. Amma iska ba ta jera duwatsu a gefe tsaf kamar ƙwai.

Ƙungiyarmu ta mata masu masi tana aiki a rumfar bayan coci. Taubashiyata Torika ce shugaba, 'yar ƙanwar babana. Ita ke da waya, ita ke da jan farce, ita ta samo mana otal ɗin nan na babban tsibiri da ke sayen 'yan ƙananan masi na ɗora faranti. Ba zan tauye mata haƙƙi ba, ta iya kasuwa. Saboda ita mata da yawa suka sa kwano a rufin ɗakunansu. Amma tun muna yara Torika ba ta taɓa ganin abu a hannuna ta kau da kai ba.

Da na shiga rumfar, bugun ya tsaya cak. Mata goma sha wani abu, kowa ta sunkuyar da kai kan aikinta. Na nufi kwandon da muke zuba yankakkun gefe. Na tura hannu can ƙasa na zaro wani siririn ƙyalle ja. Haƙoran mataji a jere, sai giɓi. Na kai hanci. Hayaƙi, man kwakwa, da wani ɗan warin danshi wanda duk wanda ya taɓa durƙusawa a maƙabarta ya san shi.

Na ɗaga ƙyallen na juyo.

"Torika."

"Na'am, Tavale," in ji ta, da sunan da taubasai ke kiran juna a nan, tana danna waya. "Wannan fuska fa? Kamar kin haɗiyi ƙaguwa da rai."

"Ina masin Inna?"

"Haba, zauna mana. Mutanen otal ne suka ce sun gaji da sababbi, tsoho suke so, mai hayaƙi, mai tarihi. Kuma a makon nan, ko su koma wurin matan wani tsibirin. A ina zan samo masin hayaƙi a mako guda? Ni na ce a ɗauko, za mu buga wani mu mayar."

"Daga kan kabari?"

"To wa zai lura? Ruwa na dukansa, rana na dukansa, ɓarna kawai. Kuma kar ki manta ni vasu ce a gidanku. Abin gidan kawuna nawa ne, ko alade ko kwale-kwale, in na ɗauka ba mai cewa uffan. Ko an soke al'adar ban ji ba?"

Ba a soke ba. Vasu, wato ɗiyar 'yar'uwa, tana ɗaukar abin da ta ga dama a gidan kawunta, a yi dariya a bar mata. Torika ta ɗauki tukunyata, ta ɗauki rigar bikina, na yi dariya. Amma tun da aka kafa garin nan ban ji vasu ta kai hannu maƙabarta ba.

Na juya ga sauran. "Wa ya yanka?"

Tsohuwa Asenaca, wadda suka tashi tare da Inna, wadda ta fi kowa kuka a ranar binnewa har aka riƙe ta, ita ta buɗe baki.

"'Yata, mun ɗan goge yashin da tsumma kafin mu sa almakashi. Ba mu wulaƙanta shi ba."

Wannan ya fi min maganar Torika ƙazanta. Na tofar da yawu a ƙofar rumfar, abin da ban taɓa yi a filin coci ba, na tafi neman mai kwale-kwale.

Washegari da rana tsaka na isa otal ɗin, gishirin teku ya bushe a fuskata. Na wuce mai gadi na shiga wurin cin abinci. Ga guntayen masin Inna nan, tebur bayan tebur. Wani jibgegen baƙo da rana ta gasa ya ɗora kwalbar giya a kan guda, zufar kwalbar ta yi zobe a kai. Wata mata ta tara ƙayar kifi a gefen nata. Wani yaro yana goge yatsunsa da na gabansa, miyar kori ta yi rawaya a kan haƙoran matajin Inna. Suna ta ci suna tanɗe baki.

Ban gaishe da kowa ba. Na ɗaga farantin matar nan na zare, na ɗaga kwalbar na zare. Ina tebur na uku manaja ya iso da gudu, wani ɗan Suva, babban birnin ƙasarmu, da fure a kunne.

"Baiwar Allah, lafiya? Me kike yi haka?"

"Zanen uwata nake kwashewa."

"Ai saya muka yi. Tsohon masi ne na gado, haka aka gaya mana."

"Na gado ne. Daga kan kabarinta aka yaye shi, ba ta cika dare ɗari ba."

Akwai guda a hannunsa. Ya sake shi ya faɗi ƙasa, ya shiga goge tafinsa a jikin zanen da ya ɗaura irin na mazanmu, yana gogewa yana ƙara gogewa. Shi ma ɗan ƙasa ne, yana da nasa matattun. Da kansa ya bi sauran tebura, amma da cokali mai yatsu yake ɗago su ya sa min a jaka. Guda ɗaya ba a samu ba. Wata baƙuwa ta sa a jakarta, ta hau jirgi da safe.

Ranar Juma'a na baje su a tsakar ɗakina, na dama sitacin rogo, na bi giɓin ina haɗa kowane da ɗan'uwansa, ina manna su a kan farin masi. Ba a wanke masi, ruwa narka shi yake. Don haka maiƙon ya zauna, zoben giya ya zauna, korin ya zauna. A tsakiya, daidai inda ƙirjinta zai kasance, rami ya rage mai kusurwa huɗu. Asenaca ta leƙo ta ce ko ta taya ni. Na ce ta wanke hannunta tukuna, kuma ban faɗa mata da wane ruwa ba.

Da yamma na shimfiɗa shi, na mayar da duwatsun.

Asabar dangi suka sauka da tabarmi da gwaza da aladu. Muka jera zuwa maƙabarta cikin baƙaƙen kaya, Torika a gaba tana jan waƙa da muryar nan tata mai daɗi. Tun daga nesa na ga masin yana motsi. Kiyashi ne. Sun ji maiƙo sun fito daga cikin yashin kabarin, sun yi baƙi a kan kowane tabo, suna shiga ramin tsakiya suna fita. Wani kawun Inna ya dube ni, ya dubi masin, ya kau da kai. Ba wanda ya tambaya. Da sun tambaya da ya fi min sauƙi.

Fasto ya yi addu'a. Aka kwashe duwatsu, aka ɗaga masin aka kakkaɓe. Ni kuwa saboda haushi na manta da abin da ke biye. A garinmu, in an ɗaga masin kabari, vasu ake miƙa wa, kuma babbar 'ya ce ke miƙawa, a durƙushe, da hannu biyu.

Na durƙusa. Torika ta tafa hannu sau uku yadda ake yi, ta karɓa, hawaye sharkaf a kumatunta. Ta sunkuyo kamar za ta rungume ni, ta sa babban yatsa a kan layin da na manna ta ɗan gwada shi.

"Kin ga, Tavale," ta ce a kunnena, "da kin yi haƙuri ai nawa ne dama. Amma kin kyauta da ba ki cika sitacin ba. Zai ɓalle da sauƙi."

Ban koma rumfar ba. A bayan ɗakina nake bugu yanzu, ni kaɗai, ina sayar da abin da ya samu ga masu biki. Daga can ina jin nasu bugun, ya ƙaru ma, an ce sun sami wani otal ɗin. Na dasa sababbin itatuwa, kuma na fara nawa masin, na hayaƙi. 'Yata Venina ta tambaye ni wane ado zan sa a gefensa, don mutane su gani su yaba.

Na ce mata ba mai gani. A ciki za ku sa shi, a jikina, ku zuba yashi a kai.